Nauyin Anti Hanne

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, domin ni ba likita ba ce. Tarihi na karanta a jami'a, kuma ina tsoron in faɗi abin da zai sa wani ya zauna a gida yana yi wa kansa magani. Amma mai ciwon da kanta ta matsa mini. Ta ce, "Rubuta, Safiya. Ko mutum ɗaya ya karanta ya je aka ɗauki hoton bayansa, ya isa." Don haka abin da na gani kawai zan faɗa, inda ban tabbata ba kuma zan ce ban tabbata ba.

Anti Hanne matar Baffa Idi ce, ƙanen mahaifina. Bajamushiya ce. Baffa ya haɗu da ita lokacin da ya je karatun injiniya, ya zo da ita Lafia ina 'yar firamare. Sunanta na asali Hannelore, kakarmu ta gwada faɗa ta kasa, ta ce Hanne ma ya isa. Allah bai ba su haihuwa ba, sai aka ba su ni riƙo. A gidansu na girma, ita ta raka ni har ƙofar jami'a.

Kafin ta zo ƙasar nan, jifan faifai ne aikinta. Faifan na katako ne da ƙarfe a gefensa, nauyinsa kilo ɗaya, ana tsayawa cikin da'ira a juya da shi a wurga. Ta ba ni labari cewa tana ƙarama wasu malamai suka zo makarantarsu suna auna tsawon hannun yara. Nata ya fi na kowa, sai aka ɗauke ta daga gaban iyayenta aka kai ta makarantar kwana ta 'yan wasa. A can ta girma, safe ɗaga ƙarfe, yamma jifa, lokacin sanyi kuma su yi ta wurgawa cikin raga a ɗaki. Ta ci gasar matasa, ta wakilci garinsu, ta shiga sahun gaba a ƙasarsu. Amma babbar gasar duniya mata uku ake zaɓa, ita kuma ta zo ta huɗu. Kafin lokacin zaɓe na gaba ya zagayo bayanta ya fara ciwo, aka sallame ta tana da ƙuruciyarta.

A Lafia ta koyar da wasanni a wata sakandaren 'yan mata. Baffa ya zuba mata da'irar siminti a bayan gida, da rani mu shanya barkono a kai, da yamma ta share ta shiga. Mace ce doguwa mai faɗin kafaɗa. Na sha ganinta ta ɗauko buhun gishirin garin Awe daga bayan mota da hannu ɗaya tana hira. Na faɗi wannan ne domin, a iya fahimtata, ƙarfin nan nata shi ya rufe mana ido.

Baffa ya rasu a farkon 1991 bayan doguwar jinyar ƙirji. Ita ta yi jinyarsa, ba ta yarda kowa ya wanke masa ko kofi ba. Ta daɗe da musulunta, don haka ta shiga takaba. Cikin takabar ne na lura da abubuwa uku. Tana ramewa. Tana wayar gari da zanin gado jiƙe sharkaf da gumi. Kuma in za ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango.

Kowane ɗaya muna da amsarsa. Rama, ai mijinta ya mutu. Gumi, ai Baturiya ce, ga zafin Lafia kafin damina. Baya kuwa ita da kanta ta rufe bakin kowa. "Tsohon ciwona ne," in ji ta, da Hausarta da ba ta raba namiji da mace. "Faifai ya ba ni ita kyauta. Na san ta, ta san ni."

Da ta fita takaba na lallaɓa ta muka je wani asibiti mai zaman kansa a cikin gari. Mun zauna a benci tun safe har aka kira azahar, ita a miƙe kamar sanda saboda ba ta iya jingina. Da muka shiga, likitan ya tashi tsaye. Ashe ƙanwarsa ɗalibarta ce. Ta yi masa bayani da Turanci, tana kiran ƙasusuwan baya da sunayensu, tana nuna masa yadda juyin jifa ke cinye su. Ya saurara yana gyaɗa kai.

Na ce, "Likita, ban sani ba ko yana da alaƙa, amma tana gumi sosai, kuma ta rame."

Ya yi murmushi ya ce, "Malama, ni ma haifaffen nan ina gumi." Ya juya gare ta. "Madam, kin fi ni sanin bayanki. Injin hoto ma ba ya aiki, amma ban ga buƙata ba." Ya rubuta maganin rage zafi da man shafawa.

Ba na zarginsa da mugunta. Girmamawa ce ta hana shi ya ce ta kwanta ya duba. Amma da wata tsohuwa ce daga ƙauye wadda ba ta san sunan ƙashi ko ɗaya ba, ina jin da ya sa hannu ya taɓa.

Mako biyu maganin ya riƙe ta, a na uku ya daina. Nan shawarwari suka fara shigowa tare da masu dubiya. Wata ta ce sanyi ne, a sha jiƙo. Wata ta ce marigayin ne bai sake ta ba, a yi sadaka. Mun yi sadakar, wannan ba asara ba ce. Gwaggo Ladi, ƙanwar Baffa, wadda tun zuwan Anti suke wasan dangin miji, ita ta kawo wata tsohuwa mai tausa daga garin Obi. Tsohuwar ta soya gishiri a kasko, ta ƙulle a tsumma, ta gasa bayan. Da ta shafa ta ji wani ɗan tudu a tsakiyar ƙashin, sai ta ce ƙashi ne ya goce, za ta taka shi ya koma.

Na ce, "Anti, ko mu dakata?"

Ta ce, "A ƙasarmu masu tausa sun fi wannan mugunta." Ta juya kai ta ce wa tsohuwar, "Baba, taka da ƙarfi, ni ba ƙwai ba ne."

Ta taka. Anti ba ta yi ƙara ba, sai dai ta ciji matashi. Daga baya likitan Jos ya ce ƙashin dama yana hanyar rushewa, takawar wataƙila ta gaggauta ne kawai. Na riƙe kalmar wataƙila ɗin nan, har yau ita nake gaya wa Gwaggo in ta fara kuka.

Bayan kwanaki kaɗan ta ce ƙafafunta kamar an sa musu safa mai kauri. Wata safiya ta shiga banɗaki, sai na ji faɗuwa. Na same ta a ƙasa, tana dukan cinyarta da hannu tana yi mata magana da Jamusanci. Na kama ta na ja, ko gezau. Sai da na kira Gwaggo da maƙwabta biyu, mu huɗu, kafin muka kai ta gado. Duk da ramar, nauyinta na nan. Zuwa yamma fitsari ya tsaya.

Lokacin Lafia tana jihar Filato, babban asibiti sai Jos. Mahaifina ya ciro ƙyauren ɗakin girki, muka kwantar da ita a kai, muka ɗaure da zannuwa, aka sa a bayan akori-kura. Ni na zauna a gefenta ina riƙe kanta. Kowane rami tsakanin Lafia da Akwanga na ji shi a cikin haƙorana. A hawan dutsen da ke kafin Jos motar ta yi zafi ta tsaya, direba yana zuba ruwa, ita kuma cikinta ya kumbura kamar tulu. A nan ne karo na farko na ji ta ce, "Safiya, ina jin ciwo." Tun tasowata ban taɓa jin wannan daga bakinta ba.

A Jos mun kwana biyu a baranda kafin gado ya samu. Likitan ƙashi wani dattijo ne marar yawan fara'a. Anti ta fara yi masa bayanin faifai, ya ɗaga hannu ya ce ta bari. Ya duba hoton bayanta da aka ɗauka a jikin taga, ya daɗe, sannan ya tambaye ni, ba ita ba, "Akwai wanda ya yi doguwar tari a gidanku?"

Na ce, "Mijinta. Ya rasu."

Ya ce, "To. Wannan ba wasa ne ya jawo ba. Tibi ne na ƙashin baya." Ya nuna mini wurin da yatsa. "Kin ga itacen da gara ta ci? Waje lafiya, ciki gari. Ƙashi biyu sun zube, sun danne jijiya."

Na ce, "Za ta yi tafiya?"

Ya ce, "Ban sani ba. Da kun zo tana tafiya, da na ce miki e."

Ban taɓa sanin tarin fuka yana barin ƙirji ya shiga ƙashi ba. Ina jin da yawa ba su sani ba. Mu ma da muke gidan duk sai da aka duba mu, Allah Ya tsare.

Aka yi mata aiki aka kwashe mugunya, aka ce kwanciya ce ta watanni, a miƙe, ba zama. Allura kullum, ƙwayoyi cike da tafin hannu. Zamanin kuwa wanda ya yi jinya a lokacin ya san shi: asibiti su rubuta, kai ka fita nema. Wani mako allurar ta ɓace a gari, na bi kantunan magani da ƙafa har dugadugaina suka tsage, wanda ke da ita kuma ya ninka kuɗi yana kallon idona. Aka sayar da motar Baffa, sannan injin ɗinkin Anti. Ni na bar aikin koyarwar da na samu ban ko cika zango ɗaya ba. Duk da haka ba zan manta wata nas ba, 'yar ƙabilar Eggon daga wajenmu, da ke ɓoye mana auduga da safar hannu, tana cewa, "'Yar gida, kar ka gaya wa kowa." Allah Ya saka mata.

Aikin da ya fi ba ni wuya shi ne juya ta. An ce a riƙa juya ta a kai a kai don kada bayanta ya yi gyambo, kuma kafaɗa da ƙugu su tafi tare, kada ƙashin ya murɗe. Ni ƙaramar mace ce. Makon farko na ja ta da hannu har nawa bayan ya riƙe. Tana kwance tana kallona, sai malamar wasanni ta motsa a cikinta.

"Wa ya koya miki haka? Buɗe ƙafa. Durƙusa kaɗan. Ƙarfi daga ƙasa take zuwa. Ƙafa, ƙugu, hannu na ƙarshe. Hannu igiya ne kawai."

Na yi yadda ta ce, sai ga ta ta juyo kamar an buɗe ƙofa. Ta ce, "Da an auna ki a makarantarmu da an mayar da ke gida, amma kina jin magana."

Na tambaye ta ranar nan me ya sa ba ta faɗa mana ciwon ya bambanta da na da ba. Domin ta yarda ya bambanta: tsohon in ta huta yana sauka, wannan kuwa kwanciya ma ƙara shi take yi. Ta ce, "A makarantarmu, wadda ta ce tana ciwo, washegari wata ce a cikin da'irarta. Tun ina yarinya na koyi rufe baki. Ban san yadda ake buɗewa ba."

Wata na biyu ya wuce, ƙafa ba ta motsa ba. Kullum da safe likita zai soka mata allura a tafin ƙafa ya ce, "Kin ji?" Ta ce a'a. Dangi suka fara zuwa da wata magana. Wani baffanmu ya ja ni gefe ya ce a nemi yadda za a mayar da ita ga danginta, "don in ta mutu a hannunmu, me za mu ce wa Turawa?" Na gwada neman danginta, ba don na yarda ba, sai don ina tunanin ko asibitinsu zai fi. Iyayenta sun rasu. Ɗan'uwanta guda ya tashi daga inda ta san shi. Ƙungiyar wasan da ta yi wa jifa an rufe ta, tun da ɓangaren Jamus ɗin da ta fito ya haɗe da ɗayan. Da na gaya mata, sai ta yi wata dariya da ba ta yi mini daɗi ba. "Ƙasar da na jefa wa faifai ma ta riga ni mutuwa."

Gwaggo ce ta kashe maganar. Ta ce wa baffan, "Sadaki aka biya. Matarmu ce. In mutuwa ce, kusa da mijinta za a sa ta."

A wata na uku ta daina cin abinci. A layin gadonta mata huɗu ne, uku aka sallame su ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ta zo bayanmu. Ta bi ta ƙarshen da ido har ƙofa, ta ce, "Uku ke tafiya. Ni ta huɗu, kamar kullum." Daga ranar ta juya fuska bango. Kunun gyaɗa, shayi, ayaba, duk ta ture. Likita ya ce maganin nan ba ya aiki a jikin da babu abinci, in ta ci gaba haka ba ma maganar ƙafa ake ba.

Wata safiya zan canza zanin gado, na sa hannu ƙarƙashinta don in ɗan gyara ta, sai na ga na ɗaga ta gaba ɗaya. Ni kaɗai. Ban buɗe ƙafa ba, ban durƙusa ba. Matar da mu huɗu muka ɗauka da ƙyar. Na ajiye ta a hankali, na fita bayan ɗakin wanki na tsuguna, na yi kukan da ban yi ba ko ranar da Baffa ya rasu. A raina na riga na fara tunanin wace mota za ta kai gawa Lafia. Na aika wa Gwaggo cewa ta zo, ban ce komai ba bayan haka.

Ta iso da ƙullin kaya a kai. Na zaci sakwara ce. Ta kwance a kan gadon, sai ga faifan Anti, gefensa ya yi tsatsa.

"Matarmu," in ji Gwaggo, "ga marfin randata na kawo miki. Tun da kika tafi, da shi nake rufe ruwa, ya fi nan amfani."

Anti ba ta juyo ba.

"Dama ni ban taɓa yarda ba. Wai kin jefa wannan har kin kusa zuwa gasar duniya. Ƙarya kika shirga wa yayana, shi kuma da yake ya ga farar fata sai ya haɗiye. Ke da ko cokali ba kya iya ɗagawa?"

Na ce, "Gwaggo, don Allah."

"Rufe mini baki, 'yar boko. Ni da matata nake."

Ta ɗora mata faifan a ƙirji. Anti ta kai hannu, yatsunta suka nemo gefen ƙarfen da kansu, suka kwanta yadda suka saba. Ta yi ƙoƙarin ɗagawa. Faifan ya tashi kamar faɗin yatsa, ya koma. Ta sake, ya koma. Fuskarta ta yi ja har wuya. Ta faɗi wata kalma da Jamusanci wadda na tabbata ba addu'a ba ce. Sannan ta dubi Gwaggo, hawaye na gangarowa cikin kunnenta, ta ce, "Ladi, ke muguwa ne. Me kika dafa?"

Ba zan ce faifai ya warkar da ita ba. Magani ne da ikon Allah, kuma likita ya ce dama jijiya takan ɗauki lokaci. Abin da na sani shi ne ta ci loma uku a ranar, washegari ta ƙara. Kullum tana ɗaga faifan daga ƙirji, har ya zama tana miƙe hannu da shi. Makonni bayan haka, likita ya soka allurarsa, sai ta ce, "Kai! Ba ka da tausayi?" Mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba ya yi dariya. Babban yatsan ƙafar dama ya fara motsi, na hagu ya biyo baya a makare.

Mun koma Lafia da rigar ƙarfe a bayanta da sanduna biyu, da ƙwayoyin da ta sha fiye da shekara. An gaya mata ba ita ba juyin jifa har abada. Ƙafar hagu har yau tana ja, tudun nan na baya kuma ya zauna.

Ga abin da nake roƙon mai karatu. In mutum yana da tsohon ciwo, na noma ne, na dako ne, na wasa ne, kada a bar tsohon ya tsaya wa sabo a ƙofa. Ciwon bayan da ya zo da rama da gumi, musamman a gidan da aka yi jinyar tari, a je a ɗauki hoto kafin a gasa ko a taka. Kuma mai ƙarfi ma a duba shi. Ina jin su ne suka fi iya ɓoyewa.

Bayan damina ta gaba, wata rana da la'asar ina tsince shinkafa, ta ce za ta je ta ga da'irarta. Na ce ta jira ni, ba ta jira ba. Ta kai har bakin simintin, sanda ɗaya ta zame a kan barkono, ta zauna daɓas. Na watsar da tire na ruga. Ta ce babu abin da ya karye. Na zagaya bayanta, na sa hannuwa ƙarƙashin hammatarta, na buɗe ƙafa, na durƙusa, na ja da duk ƙarfina.

Ko gezau.

Na sake ja, har sai da na faɗi zaune a bayanta. Sai na ji ina dariya ina kuka lokaci ɗaya, ina ƙwala wa Gwaggo kira ta katanga, "Gwaggo! Ki zo, na kasa ɗaga ta! Wallahi na kasa!"

Anti ta ce, "Bar Ladi, za ta cika mu da surutu. Miƙo mini sandan."

Na miƙa mata. Ta kafa ta a tsakiyar da'irar, ta jawo ƙafar dama ta dasa, ta jawo ta hagu da hannunta. Na ji tana faɗa ƙasa-ƙasa, ba da ni take ba: "Ƙafa. Ƙugu."

Kafin Gwaggo ta zagayo, ta same ta a tsaye.